Na Aika Ƙarfasar Tiga Gwajin DNA, Suka Dawo Mini da Sunan Kakarta

Tun da na kare kundin digirina na biyu, mutum huɗu daga ɗaliban sashenmu na nazarin kifi suka tare ni da tambaya iri ɗaya: ina ka kai samfurinka, kuma sun yi maka aiki mai kyau? Na gaji da maimaita labarin a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta shi. Sunan wurin ba zan faɗa ba, domin akwai ƙorafi a ciki, kuma ma'aikatan ba su ci mutuncina ba. Ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a Kudu, irin waɗanda ake aika wa samfur ta mota su turo sakamako ta imel. Hannunsu yana da kyau, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Takardar bayanin da suke haɗowa da sakamakon ita ce ta kusa kai ni ƙasa.

Ni ɗan gidan su ne. Kawuna ya fi shekara talatin yana jefa birgi a madatsar ruwa ta Tiga, kuma a cikin kwale-kwalensa na fara sanin ƙarfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Da na zo zaɓar abin bincike, malamina ya ba ni tambaya mai sauƙin faɗa: ƙarfasar da ake kamawa a Tiga da wadda masu tafki ke kiwo a kewayen Kano, iri ɗaya ce ko kuwa? Idan ba ɗaya ba ce, wane reshe kowace ta fito?

Maganar reshe tana da tushe. Ƙarfasar da masana ke kira Oreochromis niloticus jinsi ɗaya ce, amma tana bazuwa daga kogin Sanagal har zuwa tafkunan Habasha da Kenya, kuma kamanninta suna ɗan sauyawa daga ruwa zuwa ruwa. A 1983 wata masaniyar kifi ta gidan adana kayan halitta na Landan, Ethelwynn Trewavas, ta kasa ta reshe bakwai, ta hanyar ƙirga ɓawo da ƙayoyi da auna jiki. Akwai baringoensis ta tafkin Baringo, da vulcani ta tafkin Turkana, da sugutae ta kogin Suguta, duk a Kenya. Akwai cancellatus da filoa a Habasha, da eduardianus ta yankin tafkin Edward. Tamu ta Neja da Binuwai da tafkin Chadi aka haɗa ta da ta kogin Nilu a reshe guda, niloticus. Shekara tara bayan haka, a 1992, Seyoum da Kornfield suka duba DNA na mitokondiriya, wanda ake gada daga uwa kaɗai, suka ware ƙarfasar tafkin Tana na Habasha a matsayin reshe na takwas. Wannan aikin nasu ne ya ruɗe ni. Na ce tunda su da kayan aikin wancan zamani sun fitar da sabon reshe, ni da na'urorin yau ai kamar yankan wuƙa ne.

Kifi 40 na tara, 30 daga Tiga, 10 daga tafkunan kiwo guda biyu. A nan zan fara yaba wa ɗakin gwajin. Kafin in biya ko kwabo, matar da ke kula da abokan hulɗarsu ta turo mini bayani dalla-dalla ta WhatsApp: a yanko ɗan guntun fiffiken kifi bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, a jefa a 'yar kwalba mai giyar asibiti tsantsa, kashi 96 cikin ɗari ko sama, a goge almakashi tsakanin kifi da kifi, a sauya ruwan kwalbar bayan kwana ɗaya saboda naman yana sakin ruwansa ya tsinka shi. Ta kuma ja kunnena in rubuta lamba da fensir a takarda in saka cikin kwalbar, kada in dogara da alƙalamin maka. Na ji, amma ranar farko hantsi ya yi, masunta na jiran kifinsu su kai wa 'yan sari, na yi ganganci na zana lamba da maka a bayan kwalabe. Uku suka ɗiga a jaka, rubutun ya wanke tas. Laifina ne ni kaɗai. 37 na aika.

Abu ɗaya da na yi daidai, wanda daga baya ya cece ni, shi ne na ɗauki hoton kowane kifi a kan farin allo da lambarsa a gefe, wutsiya a buɗe. Kawu yana zaune yana gyaran koma yana kallona. Ya ce, "Kai ɗan nan, kifin da ka ci tun kana rarrafe shi ne sai an kai Kudu a gaya maka sunansa?" Na ce, "Kawu, ku bari dai a gwada, akwai abin da ido ba ya gani." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, amma in an gama a dawo masa da canji.

Canji kam babu. Kuɗin samfur ɗaya, daga ciro DNA zuwa karanta shi, ya kusa kuɗin buhun abincin kifi mai kilo 15, sai ka ninka sau 37 ka ga inda ɗalibi ya tsaya. Sun yi mini ɗan ragi saboda yawa, kuma sun yarda in biya kashi biyu. Alƙawarin mako uku suka yi. Mako bakwai aka yi. Sai a mako na biyar na gane cewa ciro DNA da ninka shi kawai suke yi a nan gida, karatun kuwa ƙasar waje suke turawa, kuma suna jira sai sun tara samfurin mutane da yawa kafin su aika. Ba laifi ba ne yin hakan, amma da sun faɗa mini tun farko da ban yi wa malamina alƙawarin ranar da ban cika ba.

A cikin jiran nan sun riƙa turo mini hoton kowane mataki, abin da ba kowa ke yi ba. Na ga layukan DNA sun fito fes a hoton gwajin, kowane a daidai inda ya kamata. Biyar suka ƙi fitowa. Ba tare da na roƙa ba suka sake su kyauta, uku suka tashi, biyu suka mutu murus. Waɗannan biyun daga kifin da ya kwana a cikin jirgi ne kafin in iso, don haka ban ga laifinsu ba.

Ga wanda bai karanta fannin ba, bari in ɗan yi bayanin abin da ake karantawa. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kifi akwai DNA iri biyu. Babban yana cibiyar ƙwayar, rabi daga uba, rabi daga uwa. Ƙaramin yana cikin wasu 'yan jakunkuna da ake kira mitokondiriya, masu samar wa ƙwayar ƙarfi. Wannan ƙaramin zobe ne mai haruffa wajen 16,500, ɗauke da ƙwayoyin gado 37, kuma ta ƙwai yake bi, wato daga uwa kaɗai. Yana da yawa a kowace ƙwaya, shi ya sa ko daga ɗan yankin fiffike ake samunsa cikin sauƙi. A 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani yanki nasa mai haruffa wajen 650, da ake kira COI, a matsayin lambar shaida ta kowace dabba, kamar zanen da ake haskawa a jikin kaya a babban kanti. Ka karanta naka, ka zuba a rumbun intanet irin su GenBank ko BOLD, kwamfuta ta nemo maka wanda ya fi kama da shi. Abin da na biya ke nan.

Sakamakon ya shigo wata Alhamis da daddare. Na buɗe jadawali, layi 35. Na fara bi. Oreochromis aureus, kashi 99 da ɗoriya. Na biyu, aureus. Na uku, aureus. Daga cikin 26 na Tiga da suka rage, 24 an rubuta musu aureus. Ko ɗaya babu niloticus.

Gumi ya karyo mini duk da sanyin da ake yi. Aureus wani jinsi ne dabam, shuɗiyar ƙarfasa. Tana rayuwa a ruwanmu, gaskiya ne, ana samunta a Neja da Binuwai da Chadi da Sanagal, har ƙasan Nilu da kogin Urdun. Amma bambance su ba ya buƙatar digiri. Wutsiyar niloticus tana da zane-zane a tsaye, a jere, daga tushe har baki, kamar an ja su da rula. Ta aureus ba ta da wannan jerin, sai ɗan ja-ja a bakinta. Na buɗe hotunana ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe biyun dare. Kowace wutsiya a cikin 24 ɗin nan da zanenta raɗau.

Da safe na kira matar. Ta saurare ni cikin ladabi, ta ce za ta tambayi masu aikin. Bayan awa biyu amsa ta zo: sun sake dubawa, abin da kwamfuta ta bayar ke nan, kashi 99 ba ya ƙarya, wataƙila ni ne na yi kuskuren gane kifin a bakin ruwa. A ƙasan takardarsu ma an rubuta da manyan baƙi cewa an tabbatar da jinsin samfuran. Da na bi wannan takarda, da na rubuta babi guda ina shelar cewa ƙarfasar Tiga ba wadda kowa ya sani ba ce, in tsaya gaban malaman waje masu jarraba kundi in sha kunya.

Na je wa malamina jiki a sanyaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin nan fa ya rushe." Ya karɓi takardar, ya duba, ya dubi hotuna uku, sai ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya jawo wata tsohuwar muƙala daga durowa ya miƙo mini, ya ce in je in karanta in dawo bayan la'asar.

Muƙalar Rognon da Guyomard ce ta 2003. Sun gwada niloticus da aureus daga wurare daban-daban ta hanya biyu. Alamomin da ke bin babban DNA na cibiya sun yi daidai da abin da ido ke gani: niloticus gefe guda, aureus gefe guda. DNA na mitokondiriya kuwa ya raba su wata rabuwa dabam. Niloticus ta gabashin Afirka ta tsaya ita kaɗai, ita kuma niloticus ta yammacin Afirka ta faɗa rukuni ɗaya da aureus, har a wasu wuraren haruffan jinsin biyu iri ɗaya ne sak. Fassararsu ita ce, a can baya an yi auratayya tsakanin jinsin biyu, macen aureus da namijin niloticus. 'Ya'yan mata suka ci gaba da haihuwa da mazan niloticus, zuriya bayan zuriya, har jinin aureus ya narke a babban DNA, amma ɗan zoben nan na uwa ya ci gaba da tafiya bai sauya hannu ba, ya mamaye yankin baki ɗaya.

Da na je yi wa Kawu bayani, da tasa na kwatanta masa. Na ce ku ɗauka wata Bafulatana ta auri Bahaushe ta zo da tasar jan ƙarfe. Ta ba 'yarta, ita ma ta auri Bahaushe ta ba tata 'yar, haka har kaka goma. Yarinyar yau Bahaushiya ce ta kowace fuska, ba ta jin ko "jam", amma tasar da ke ɗakinta ta Fulani ce. Wanda ya leƙa ɗakin ya ga tasa kawai, bai ga yarinyar ba, zai rantse gidan Fulani ya shiga. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato kuɗin nan duk tasa ka biya aka duba maka." Ban sami abin cewa ba.

To a nan ne nake riƙe da ɗakin gwajin. Karatun haruffan da suka yi daidai ne, ba su ƙara ba su rage ba. Abin da suka yi kuskure shi ne ɗaukar sunan da ya fito a saman jerin kwamfuta su buga masa hatimin tabbaci. Rumbunan nan kamanni suke nunawa, ba hukunci suke yankewa ba, kuma mutane ne ke zuba bayanan da ke ciki, kowa da irin sunan da ya ba kifinsa. Da na zuba haruffan da kaina na gangara ƙasan jerin, sai ga niloticus ma tana nan da kashi kusan ɗaya da na aureus, layi kaɗan a ƙasa. Duk wanda ya saba da ƙarfasar yammacin Afirka zai tsaya a nan ya yi tambaya. Su masu aikin, na fahimta, yawancin abin da ke zuwa musu ƙwayoyin cuta ne da tsirrai. Ba su san kifi ba, ba kuma dole ne su sani ba. Sai dai wanda bai san abu ba bai kamata ya rubuta "an tabbatar" ba.

Maganar reshe kuwa, wadda ita ta kai ni, tun a waya na tambaye su ko gwajin zai kai har can, aka ce mini ƙwarai. Gurbin da aka ware wa reshe a jadawalin fanko ya zo. COI a hankali yake sauyawa. Yana iya raba jinsi da jinsi a mafi yawan kifaye, amma rassan jinsi ɗaya da ba su daɗe da rabuwa ba sau da yawa haruffansu a wannan yanki kusan ɗaya ne. Mai neman wannan zurfin yakan karanta wani ɓangaren zoben da ya fi saurin sauyawa, wanda ake kira D-loop, ya kuma haɗa da alamomi daga babban DNA na cibiya, sannan ya koma ya ƙirga ƙayoyi da ɓawo kamar yadda Trewavas ta yi. Ɗakin gwajin suna iya yin D-loop, daga baya na gani a jerin farashinsu. Ba wanda ya ba ni shawarar.

Sai ƙananan abubuwa. Ta fuska ɗaya kawai suka karanta kowane samfur, alhali ana karantawa gaba da baya don a gyara haruffan da suka rikice a baki-baki. Ashe na biyun kuɗinsa dabam ne, ba a faɗa mini ba. Ainihin fayilolin na'ura, masu nuna tsaunukan launi huɗu da ake gane ingancin karatu da su, sai da na nema sau uku aka turo. Da suka zo, masu kyau ne, tsaf-tsaf, har na rasa dalilin jan ƙafar. Bishiyar dangantaka da suka zana a shafin ƙarshe kuwa ado ce kawai, ba a sa wani kifi na waje da za a kafa tushenta da shi ba. Na yar da ita na zana tawa.

Kada mai karatu ya ɗauka asara na yi. Sauran biyun na Tiga, ƙanana ne da ba su kai tsawon yatsa ba, sun fito Coptodon zillii, wadda a da ake kira Tilapia zillii. Na koma hotunansu na ƙura ido, wallahi gaskiyar gwajin ce, ni na yi kuskure. Ƙananan ƙarfasa suna da wuyar rabewa, kuma a nan lambar shaidar ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa. Abin da ya fi wannan daɗi yana cikin kifin tafki guda tara. Uku sun zo da zobe irin na Tiga. Shida sun zo da irin na gabas, wanda kwamfuta ta kira niloticus kai tsaye, kuma duka shidan daga tafki ɗaya ne, wanda mai shi ya ce mini iyayen kifinsa daga wata gonar Kudu ya sayo, su kuma daga ƙasar waje aka kawo musu. Wato tasar nan da ta kusa kunyata ni ita ce ta zama alamar gane 'yar gida daga baƙuwa. Duk ranar da aka fara kama ƙarfasa mai zoben gabas a cikin madatsar, an san kifin kiwo ya tsere ya shiga ruwa. A kan wannan na gina babi na huɗu, kuma shi ne malaman waje suka fi tsayawa a kai.

Wani mai kiwon tarwaɗa a unguwarmu ya ji labari ya zo yana so in haɗa shi da su, wai yana zargin 'ya'yan kifin da aka sayar masa gauraye ne, ba tsantsar tarwaɗa ba. Na hana shi ɓarnar kuɗi. Masu ƙyanƙyasa sukan haɗa ƙwan tarwaɗa da maniyyin ramboshi don a sami mai saurin girma. Irin wannan ɗan, gwajin mitokondiriya tarwaɗa zai kira shi, kashi ɗari, domin uwarsa tarwaɗa ce, uban kuwa ko ƙyallinsa ba zai gani ba. Na ce ya duba bayan kifin: tarwaɗa fiffikenta na baya ɗaya ne dogo har kusan wutsiya, ramboshi yana da na biyu mai tsoka babba, gaurayen kuma yakan fito da ɗan guntu a wurin. Ya koma gida ya duba a kyauta.

In tauraro biyar ake bayarwa, uku zan ba su. Zan koma, har ma na fara tara kuɗin. Amma wannan karon zan ce musu tun a saƙon farko: a karanta gaba da baya, a turo fayilolin na'ura tare da sakamako, a faɗa mini gaskiyar ranar da za a aika waje, takardar fassara kuma su riƙe abarsu su rage mini kuɗinta. Ɗalibin da zai je, ya ɗauki hoton kowane kifi, ya ajiye 'yan kaɗan ɗungurungum a kwalba don ƙirge, ya kuma yanki fiffike biyu daga kowane, ɗaya a aika, ɗaya ya zauna a gida.

Nawa na gida suna cikin firjin sashe, kwalba 37 a cikin tsohuwar robar man shanu da na rubuta wa "KADA A TAƁA" da fensir da kuma maka. Su zan aika a karanta D-loop da alamomin cibiya in Allah ya hore. Kawu ya ce idan ruwa ya ja baya bayan kaka zai kai ni wani lungu ta wajen yamma da madatsar, inda yake kama wata ƙarfasa mai jan bakin wutsiya, marar zane, wadda 'yan sari ke rage wa kuɗi. Na riga na sayi fensir biyu da sabon almakashi.